Ranar Da Aka Rufe Hanyoyin Buffalo

A ƙasashen sanyi, idan dusar ƙanƙara ta sauko da ƙarfi, hukuma takan kafa dokar hana tuƙi, wato a rufe hanyoyi ga kowa in ban da motocin asibiti da na kashe gobara da na share titi. Dalili kuwa shi ne, motar da ta maƙale a tsakiyar titi takan tare wa masu ceto hanya, wanda ke cikinta kuma sanyi na iya kashe shi kafin gari ya waye. Abin da ya faru a birnin Buffalo na Jihar New York ta Amurka, a makon Kirsimeti na 2022, ya nuna yadda jinkirin sa'o'i kaɗan wajen kafa wannan doka ke jawo asarar rayuka.

Buffalo tana bakin Tafkin Erie ne. Idan iska mai tsananin sanyi ta ratso ta kan ruwan da bai daskare ba, sai ta kwaso tururinsa ta zube shi a kan birnin a matsayin dusar ƙanƙara. Masana yanayi sun yi kwanaki suna gargaɗi, amma sai da ƙarfe 9:30 na safiyar Jumma'a 23 ga Disamba aka hana tuƙi. A lokacin kuwa ma'aikata da yawa sun riga sun fita, wasu kuma sun tafi sayayyar biki. Shugaban gundumar Erie, Mark Poloncarz, ya bayyana daga baya cewa an jinkirta ne domin masu aikin dare su samu komawa gida, ya kuma ɗauki alhakin shawarar.

Iska ta yi gudun fiye da mil 70 cikin sa'a, har mutum ba ya iya ganin abin da ke gabansa. A filin jirgin sama an auna dusar da ta haura inci 50, wato fiye da ƙafa 4. Ɗaruruwan motoci suka maƙale, har da na 'yan sanda da na asibiti, hukuma ta fito fili ta ce a wuraren da abin ya fi tsanani babu mai iya kai ɗauki. Mutum 47 suka rasu a yankin, 31 daga cikinsu a birnin. An tsinci wasu cikin motocinsu, wasu a kan titi, wasu a gidajen da wuta ta ɗauke, wasu kuma zuciyarsu ce ta tsaya suna cikin kwashe dusa. Sai da aka kawo 'yan sandan soja domin tabbatar da dokar, ba a kuwa ɗage ta a birnin ba sai ran 29 ga wata.

Ikkilisiya ta yi abu biyu a wannan mako. Na farko, ta bi doka. Bishop Michael Fisher na ɗarikar Katolika ya roƙi jama'a kada su yi ƙoƙarin zuwa sujadar Kirsimeti, a bi ta intanet daga gida, majami'u da dama kuma suka soke taronsu. Na biyu, ta buɗe ƙofa. A unguwar Lovejoy, fasto da uwargidansa na majami'ar Spirit of Truth Urban Ministry, da suka ga wutarsu ba ta ɗauke ba, sai suka karɓi fiye da mutum 100, suka ciyar da su da abincin da suka tanada domin bikin iyalinsu. Maƙwabta masu baburan tafiya kan dusa suka riƙa ɗauko mutane suna kawowa, alhali kuwa motocin hukuma sun kasa motsi.

Binciken da Jami'ar New York ta fitar a 2023 ya nuna cewa sanarwar birnin ba ta isa ga jama'a yadda ya kamata ba, kuma abin ya fi cin unguwannin talakawa da baƙaƙen fata. Da wata guguwar ta taso a Janairu 2024, an rufe hanyoyi tun da wuri, Gwamna Kathy Hochul ta kuma sanar da ɗage babban wasan ƙwallo na ƙungiyar Buffalo Bills da kwana ɗaya.

'Yan'uwa masu karatu, wanda dokar hana tuƙi ta riska a gida ya tsira da ita, amma wanda ta riska a kan hanya yana bukatar ɗaki mai ɗumi kusa da inda ya maƙale. Aikin hukuma ne ta rufe hanya a kan kari. Ɗakin kuwa, a Buffalo, majami'u da maƙwabta ne suka samar da shi. Ubangiji ya ta'azantar da iyalan waɗanda suka rasu.