Hoton CT na hanta: dalilin da ya sa ake hana majinyaci cin abinci, a ce ya riƙe numfashi

Duk wanda ya saba bi ta Ƙofar Doka da sassafe ya san wani ɓangare na masu sammako majinyata ne, wasu za su Tudun Wada, wasu kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Cikinsu akwai waɗanda likita ya rubuta wa hoton CT na hanta, aka gargaɗe su da su zo ba su karya kumallo ba. Mutane da dama na ɗaukar wannan gargaɗi da wasa, alhali rashin bin sa na iya shafar ingancin hoton.

Binciken ƙasa na shekarar 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekaru 15 zuwa 64 na ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B, wadda ke cikin manyan musabbaban sankarar hanta. Ƙarin da aka gano yana ƙarami ya fi sauƙin magani, kuma shi ne ya fi saurin ɓacewa a hoton da ya dushe.

Na'urar CT, wadda aka fara gwadawa a kan majinyaci a Landan a 1971, tana zagaya jiki tana ɗaukar hotonsa yanki-yanki, kwamfuta ta harhaɗa. Kamar kowace kyamara, ba ta son motsi. Hanta kuwa tana ƙarƙashin tantanin da ya raba ƙirji da ciki, don haka tana hawa da sauka tare da numfashi. Sannan tumbi da farkon ƙaramin hanji da lanƙwasar babban hanji duk suna jingine da ita. Idan hanji na murɗawa, iska da ruwan da ke cikinsa suna kai da kawowa, sai zane-zane da inuwa su bayyana a gefen hantar, su rufe ciwo ko su yi kama da shi.

Saboda haka ake umartar majinyaci ya bar abinci na sa'o'i huɗu zuwa shida, domin abinci na tayar da motsin hanji. Ana kuma buƙatar ya riƙe numfashi na kimanin daƙiƙa 10 zuwa 15. Idan an yi allurar ruwan da ke haska jijiyoyi, ana ɗaukar hoto a ƙayyadaddun lokuta, wajen daƙiƙa 35 da kuma 70 bayan allurar. Wanda ya motsa a lokacin ya ɓata damar.

Wani lokaci likita kan ba da allurar Buscopan domin kwantar da hanji na ɗan lokaci, ko da yake an fi amfani da ita a hoton MRI mai ɗaukar lokaci. Ba ta dace da kowa ba: mai hawan jinin ido, ko saurin bugun zuciya, ko riƙewar fitsari ya sanar tun da wuri, kuma kada kowa ya saya ya sha da kansa.

Mai ciki, da mai ciwon ƙoda, da mai ciwon sukari, da wanda ya sha farin ruwan bariyom don wani hoto a kwanakin baya, su ma wajibi ne su faɗa. Wanda bai fahimci umarnin ba ya nemi a yi masa da Hausa, ya gwada riƙe numfashin kafin ya kwanta. Sake hoto na nufin sake biyan kuɗi, da ƙarin tururin na'ura a jiki, da jinkirin fara magani.