Yadda balan-balan ke sauƙaƙa wa ɗalibai fahimtar dokokin iska

A ranakun Sallah ba a rasa yara riƙe da balan-balan a unguwar Gwallaga da ke birnin Bauchi. Wannan abin wasa mai rahusa na iya zama kayan gwaji a makarantun da ɗalibai ke haddace dokokin kimiyya domin jarrabawar WAEC da NECO ba tare da sun gani da idonsu ba.

Me ya sa wanda aka hura da baki yake faɗowa, wanda aka cika da iskar hiliyom kuwa yake tashi? Amsar tana cikin ƙa'idar Arkimidis, masanin ƙasar Girka: duk abin da ke cikin ruwa ko iska yana samun turi zuwa sama daidai da nauyin abin da ya ture daga wurin. Lita 1 ta iska ta kai kimanin giram 1.2, ta hiliyom kuwa ba ta kai giram 0.2 ba. Wannan ratar, wajen giram 1 a kowace lita, ita ke ɗaga robar da zarenta. Numfashi kuwa nauyinsa kusan ɗaya da iskar waje, don haka nauyin robar ke rinjaye.

Ɗalibai za su iya auna ƙarfin ɗagawar da kansu: su riƙa liƙa guntayen takarda a jikin zaren har balan-balan ɗin ya tsaya cik, sannan su ɗora guntayen a sikeli. Idan sakamakon ya ɗan gaza na littafi, ba lallai kuskure ba ne. Bauchi tana kan tudu mai tsawon kimanin mita 600 daga matakin teku, iskarta ba ta kai ta bakin teku nauyi ba.

Dokar Charles ta fi sauƙi: a sanya balan-balan a bakin kwalba, a tsoma ta a ruwan zafi ya kumbura, a mayar da ita ruwan ƙanƙara ya motse. Jacques Charles, wanda dokar ke ɗauke da sunansa, shi ne ya tayar da balan-balan mai iskar haidirojin a birnin Paris a 1783.

Sai dai haidirojin na kama wuta nan take, saɓanin hiliyom. A wasu wurare masu talla kan haɗa shi da sinadarin soda da guntayen alminiyom saboda araha, don haka kada malami ya shigar da balan-balan aji sai ya tabbatar da iskar da ke cikinsa.