Ɓarawon da Ke Ƙara Kuɗi a Akwati

A wani shagon aika kuɗi da ke bakin babbar hanya a Birnin Ƙonni, lissafi ya fara ƙin cika cikin watan Afrilu. Kakar albasa ce, manyan motoci na lodi a Galmi da Tsarnawa za su Kumasi da Abijan, hannu bai hutawa da ƙirga. Sai an rufe da magariba a tarar babu jikka biyar, wata rana jikka goma. Mai riƙe da akwatin ɗan yayata ne, wanda tun da ya kama aiki ba a taɓa binsa ko dala ba. Maigidan ya fara yanke masa albashi, maƙwabta kuma suka fara ƙus-ƙus. Uwarsa ta turo ni, ta ce ruwa ba ya tsami banza.

Zargin farko sata ne, don haka na roƙi a ba ni littafin rufe akwati. A shafi na uku zargin ya rushe. Akwai ranakun da kuɗin ba raguwa suka yi ba, ƙaruwa suka yi: rarar jikka biyu yau, jikka biyar jibi. Maigidan yana ganin ranakun giɓi ne kawai, don su ke masa ciwo. Ɓarawo kuwa ba ya zuba nasa a akwatin wani. Abin da ke kai gaba ya kai baya haka kuskure ne.

To kuskuren me? Ƙonni na daf da Illelar Sakkwato, naira da sefa na cuɗanya a aljihu ɗaya. Ga kuma ƙirgar dala: tsohuwa ta ce a aika mata dala ɗari biyu, na'ura kuwa 1000 take son a buga. Wannan ya isa ya rikita baƙo, amma yaron a cikinsa ya tashi. Da muka bi rasit ɗaya bayan ɗaya, babu inda ya ɓata canji. Kurakuran na sakaci ne: takardar jikka goma biyu sun manne ya miƙa a matsayin ɗaya, ko ya karɓi kuɗi ya manta bai shigar ba.

Rasit na ɗauke da lokaci, sai muka jera su bisa awa. Da hantsi, lokacin da layi ya fi tsawo, aikinsa tsaf yake. Kusan duk ɓarnar tsakanin ƙarfe biyu da huɗu na rana take. Nan kowa ya ce zafi ne, kuma da hujja, domin a Afrilu da Mayu zafin Ƙonni kan haura digiri 40. A 2016 masu bincike na jami'ar Harvard sun gwada ɗalibai a Boston lokacin wani tsananin zafi, suka ga masu kwana a ɗakunan da ba na'urar sanyaya iska sun fi sauran jinkirin amsa da kimanin kashi 13 cikin ɗari. Sai dai a taga ta biyu akwai wani dattijo ɗan Badagishiri, fanka ɗaya ke kaɗa musu, shi kuwa lissafinsa bai taɓa motsi ba. Zafi na da hannu, amma ba shi kaɗai ba ne.

Muka sake jera rasit ɗin, wannan karon bisa rana. Laraba da Alhamis suka kwashe kaso mafi girma. Laraba ba ta ba kowa mamaki ba, ranar kasuwar Ƙonni ce. Alhamis fa, da ake samun sararin miƙe ƙafa? Kuma akwai makonnin da Laraba ta zo da cunkosonta ta wuce ba kuskure ko ɗaya. Ashe ba ranakun ya kamata a tuhuma ba, dararen da ke gabansu ne.

Na ce masa, “Ɗana, ina kake kwana ranar Talata da Laraba?”

Ya ce, “Gida mana, Kawu. In an tashi ƙwallo.”

Gasar zakarun Turai a ranakun Talata da Laraba ake buga ta, kuma a Afrilu da farkon Mayu ake wasannin kusa da ƙarshe. Ana take wasa ƙarfe takwas agogon Nijar, a tashi wajen goma. Daga gidan kallo sai fada: a hura gawayi a ɗora butar shayi, a sha na fari mai ɗaci, a bi da na biyu, a rufe da na uku mai zaƙi, ana gardamar bugun fanareti har ɗayan dare. In ya koma gida bango na amayar da zafin da ya sha da rana, sai ya ja tabarma tsakar gida ya buɗe WhatsApp. Biyar da 'yan mintoci ladan ya kira. Muka duba makonnin da ba wasa, su ne dai waɗanda littafi ya fita fes.

Shayin kansa ba ya barin jiki da wuri. Sinadarin kafeyin da ke cikinsa kan ɗauki kusan awa biyar kafin rabinsa ya fita, don haka kofin sha biyun dare na nan yana aiki har asuba, ko an runtsa barcin ba ya nisa.

Yaron bai yarda nan take ba. Ya ce, “Wallahi Kawu, ban taɓa gyangyaɗi a kan aiki ba.” Gaskiya ya faɗa, kuma nan ne tarkon yake. A 2003 jami'ar Pennsylvania ta fitar da sakamakon gwajin da aka taƙaita wa mutane barci zuwa awa shida har kwana 14. Natsuwarsu ta yi ta zubewa har ta kai ta wanda ya yi dare ɗaya bai runtsa ba, amma da aka tambaye su sai su ce ɗan barci kaɗan suke ji. Mai bashin barci shi ne na ƙarshen sanin yawan abin da ake binsa.

Saura tambaya ɗaya. Dattijon ma ba wani dogon barci yake samu ba, zafin daren bai ƙyale kowa. Me ke tsare shi? Wani yaron shago ne ya tona: kullum bayan azahar Baba kan ja tagarsa, ya shimfiɗa buzu bayan kanta, ya ɗora hula a fuska, bai wuce sulusin awa ba ya tashi ya wanke ido. Ƙailula ce, wadda malamai suka daɗe suna kwaɗaitarwa a kai. Wani bincike da aka wallafa a 2021 kan ma'aikata masu ƙaramin ƙarfi a Chennai ta Indiya, waɗanda barcinsu na dare bai wuce awa biyar da rabi ba, ya nuna rabin awa na barcin rana a wuri mai shiru ya ƙara musu natsuwa da saurin aiki, ko da yake ya ɗan rage lokacin da suke zaune kan aikin.

Maigidan ya amince a riƙa rufe tagogin bi da bi bayan azahar, a kuma ƙirga duk kuɗi mai yawa sau biyu kafin la'asar. Yaron bai bar ƙwallo ba, shayin bayan wasa ya bari. Kafin ruwan fari ya sauka lissafi ya koma daidai, aka mayar masa da abin da aka yanke.

Irin wannan bashi ba masu ƙirga kuɗi kaɗai ke ɗauke da shi ba. Yana kan mai aikin dare a masana'antar siminti ta Malbaza, yana kan direban da ke tasowa daga Illela da lodi kafin gari ya waye, kuma nasu kuskuren ba a biyansa da yankan albashi. Duk maigidan da ya ga aikin amintaccen yaronsa ya fara karkacewa, kafin ya kira shi ɓarawo ko malalaci, ya ɗauki littafi ya jera kurakuran bisa awa da rana, sannan ya tambaye shi ƙarfe nawa ya kwanta.