Ƙofar Ingila Ga Matar Aure Da Kuma Tsohon Da Ɗansa Ke Can

Tun da 'ya'yan ƙasar nan suka fara kafuwa a Ingila, wasu likitoci, wasu masu jinya, wasu malaman jami'a, akwai tambayar da ba ta ƙarewa a zauruka da rumfunan kasuwa, watau yadda za a kai wa yaro matarsa, da kuma ko mahaifansa na iya binsa in tsufa ya zo. Amsar tana cikin dokar shige da fice ta ƙasar, wadda aka sake wa fasali ran 9 ga watan Yuli, 2012, zamanin da Theresa May ke riƙe da ma'aikatar harkokin cikin gida. Daga ranar nan ƙofa ta rabu biyu. Ta matar aure ƙunci gare ta, amma ana shiga. Ta tsofaffi kuwa saura kaɗan a ce an toshe ta.

A fara da ta matar aure. Bizar iyali ta wanda ya zama ɗan ƙasa ce, ko wanda ya sami iznin zama na dindindin. Wanda ke can da takardar aiki ko ta karatu, hukuncinsa dabam ne, shi ma kuwa an ƙuntata shi: daga Janairun 2024 aka hana yawancin ɗalibai kai iyali, a watan Maris na shekarar kuma aka hana masu aikin kula da tsofaffi.

Abin da mahukunta ke fara dubawa aljihun miji ne. A 2012 aka yanka cewa lalle samunsa ya kai fam 18,600 a shekara. Aka kai ƙara har Kotun Ƙoli, a 2017 ta ce sharaɗin bai saɓa wa doka ba. Ran 11 ga Afrilu, 2024, aka ɗaga shi zuwa fam 29,000. Wanda ba shi da albashi ya so ya tsaya da ajiya kaɗai, sai ya nuna fam 88,500 sun yi wata 6 kwance a banki da sunansa ko na matar. Nan ne attajirai ke shan mamaki, don dukiyar da ke cikin haja ko garken shanu ba ta shiga lissafi, kuɗin aro ma haka. Uba in ya so ya taimaki ɗansa, sai dai ya ba shi kyauta ta har abada, a kuma bayyana inda kuɗin suka fito. Ban da wannan akwai kuɗin asibiti da a ke biya tun kafin a tashi, fam 1,035 kowace shekara tun daga Fabrairun 2024.

Sa'an nan sai zancen auren kansa. Auren da aka ɗaura bisa shari'a, da waliyyi da shaidu da sadaki, Ingila tana karɓarsa muddin ya inganta a dokar ƙasar da aka ɗaura shi. Amma ma'aikacin da ke duba takardu bai halarci ɗaurin ba, bai ci goro ba, don haka sai an kai masa takardar shaida, da abin da zai tabbatar masa zaman na gaskiya ne. Wajibi ne miji da mata kowa ya cika shekara 18, kuma su taɓa haɗuwa ido da ido. Auren da wakilai suka ɗaura, ango na can amarya na nan ba su taɓa ganin juna ba, ba ya wucewa. Mai mata fiye da ɗaya kuma ya san cewa tun dokar 1988 mace guda kaɗai a ke bari ta shiga da sunan matarsa. In uwargida ta riga ta zauna can, amarya ba ta da hanya ta wannan ƙofa muddin uwargidan na raye da igiyar aure a kanta. Matar za ta ci jarrabawar jin Turanci da faɗarsa, a kuma duba ƙirjinta saboda tarin fuka. In an yarda, a ba ta wata 33, ta sabunta, bayan shekara 5 ta nemi zama na dindindin.

To, wannan duk mai sauƙi ne in an gwada da na mahaifa. Kafin 2012, uba ko uwa da suka kai shekara 65, in ɗansu ne ke ɗauke da su, ana barinsu su koma wurinsa. Sabuwar doka ta kawar da wannan. Yanzu sai tsoho ya nuna da shaidar likita cewa tsufa ko ciwo ya kai shi inda ba ya iya wanka, ko sa tufa, ko dafa abinci sai da mai taimako. Wannan ma bai isa ba. Sai ya ƙara nuna cewa a ƙasarsa babu mai yi masa wannan hidima, ko kuwa akwai amma kuɗinta ya fi ƙarfinsu, ko da ɗan nasa na aiko da taimako. Kuma ɗan zai sa hannu cewa shi zai ɗauki ci da sha da makwanci da jinya har shekara 5, ba tare da an taɓa baitulmali ba.

Mai hankali in ya jera sharuɗɗan nan zai ga gaba kura ce baya sayaki. Ɗan da ke da ƙarfin riƙe mahaifiyarsa a Landan ko Manchester, ai yana da ƙarfin ɗaukar mata mai jinya a Kano ko Zariya, sai a ce masa ga amsa nan, a yi jinyarta a gida. Ɗan da ba shi da ƙarfin ɗaukar mai jinya a gida kuwa, ba shi da abin da zai riƙe ta can. Balle a ƙasar Hausa, inda da wuya a sami tsohuwar da ba ta da 'ya, ko jika, ko matar ɗa a kusa, kasancewar dangin nan shi ne zai zama hujjar hana ta. Dokar tana auna ko akwai hannun da zai yi hidimar, ba ta tambayar ko hannun ɗa ne ko na ɗan ƙodago, alhali ga mutanenmu nan ne maganar ta ke. A 2017 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta tabbatar da dokar. Ƙungiyar likitocin ƙasar ta sha kokawa cewa tana tilasta wa likitoci baƙi zaɓi tsakanin aikinsu da mahaifansu.

Akwai wata biza da a kan kira ta iyaye, tana kuwa ruɗin mutane. Ita ta mahaifin yaron da bai kai shekara 18 ba ce, ba ta shafi tsohon da ɗansa ya girma ba.

Abin da ya rage wa yawancin mahaifa bizar ziyara ce. Ba ta wuce wata 6 a zuwa guda, ba a juya ta ta zama ta zama in an shiga ƙasar, kuma jinyar asibiti da kuɗi ce. Mai nema zai nuna abin da zai komo da shi gida, kamar gona, ko rumfa, ko almajirai da iyali, sa'an nan ya fita kafin wa'adinsa ya cika, don wanda ya zarce kwanakinsa yana iya rasa izni in ya sake nema.