Yadda Na Haɗa Tankin Kifi Na Katako A Yankwashi: Katako, Famfo Da Gilashi

Masu son fara kiwon kifi a ƙasar Kazaure, daga Yankwashi da Roni da Gwiwa har maƙwabtanmu na Babura, matsalarsu ta farko kusan iri ɗaya ce: ina za a zuba ruwan? Ƙasarmu jigawa ce, in ka haƙa rami ka cika shi da safe, kafin la'asar yashi ya shanye. Ginin bulo da siminti kuma yana cin kuɗi, ga shi wanda ke gidan haya ba zai iya ɗauke shi ba ranar tashi. Shi ya sa na zaɓi katako da tamfol. Tankuna biyu gare ni: babba na kiwon tarwaɗa, da ƙarami mai gilashi da nake nuna wa masu saye kifi. Ga yadda aka haɗa su.

Ka fara da lissafin ruwa

Kafin ka je wurin kafinta, ɗauki biro da takarda. Akwatin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa duk mita ɗaya-ɗaya ne yana cin ruwa lita 1,000, nauyin ruwan kuma kilo 1,000 ne, wato tan guda. Babban tankina tsawonsa mita 3, faɗi mita 2, tsayin bango mita 1.2, amma ruwan a mita 1 nake tsayar da shi. Lita 6,000 ke nan, tan 6, ko jarka 240 mai cin lita 25.

To, abin da ke fasa tankin katako zurfi ne. Ruwa mai zurfin mita 1 yana tura bango mai tsawon mita 3 da ƙarfin da ya kai kilo 1,500. In ka ce bari in ƙara zurfin ya kai mita ɗaya da rabi don kifi ya samu wuri, turin zai haura kilo 3,300. Rabin mita kawai ka ƙara, amma nauyin da ke kan katakon ya ninka har da ɗoriya. Kuma yawancin turin a ƙasa yake, kusa da gindin bango. Saboda haka in kana son ƙarin kifi, ƙara tsawo ko ka yi tanki na biyu, zurfin kuwa ka bar shi a mita 1.

Lissafi na biyu na canjin ruwa ne. In kifi ya girma, nakan zubar da kashi ɗaya cikin uku duk bayan kwana biyu ko uku, wato lita 2,000, jarka 80. Wanda zai sayi wannan a hannun 'yan ga-ruwa, ribarsa ta tafi tun kafin kifi ya isa sayarwa. In ba ka da burtsatse, ko rijiyar da ba ta ja baya a watan Afrilu da Mayu, ka dakata tukuna.

Katako da ɗaurinsa

Kafintocin Kazaure na iya samo maka katako, amma in da yawa kake so gara ka shiga 'Yan Katako ta Na'ibawa ko ta Rijiyar Lemo a Kano ka zaɓa da idonka. Jan katako mai nauyi za ka nema, busasshe, wanda ba shi da tsaga ko kulli. Farin katakon nan mara nauyi da ake yin silin da shi, ruwa na taɓa shi ya fara lanƙwasa, gara kuma ta mai da shi tuwo.

Ginshiƙai da tu-bai-fo na yi su, tazarar santimita 50 tsakanin kowane biyu, kuma gefen siririn ne ke kallon ruwa, don ta haka katako ya fi jure turi. Daga ciki aka jera falankai, aka goge su sumul. Daga waje aka yi ɗamara uku da ta zagaye tankin: ɗaya a gindi, ɗaya a wajen santimita 35 daga ƙasa inda turi ya fi taruwa, ɗaya a baki. Duk kusurwa da noti aka ɗaure ta, domin ƙusa tana zarewa a hankali in katako ya sha laima ya bushe. Sannan akwai katako biyu da suka ratsa ta ƙarƙashin tankin, biyu ta sama, suna riƙe dogayen bangayen kada su buɗe.

Gara ita ce babbar abokiyar gaba a nan. Na ɗora firam ɗin a kan bulo don kada ya taɓa ƙasa, aka shafe katakon da baƙin mai, aka bar shi ya sha rana mako guda. Sai dai a kula, man nan guba ne ga kifi, kada ko ɗigo ya shiga cikin tamfol. Daɓen kuma aka tsince duwatsu da ƙaya, aka zuba yashi mai laushi aka daddaɓe, aka ɗan karkata shi zuwa kusurwar da ruwa zai fita.

Tamfol ɗin ka sayi mai kauri wanda aka yi don kifi, ka ba da awon cikin tankin daidai. In ya yi ƙanƙanta, shi zai ɗauki nauyin ruwan maimakon katako, ɗinkin ya ɓalle. Aikin tamfol hana yoyo ne kawai, ɗaukar kaya na katako ne.

Famfo: mafita kafin mashiga

Kowa ya san yadda zai zuba ruwa. Wahalar tana wajen fitar da shi, domin kashin kifi da ragowar abinci a ƙasa suke kwanciya, su ne ke sa ruwa wari kifi ya daina ci. Don haka mafitar a gindi take, da bututun roba mai inci 2. Duk kayan nan ana samunsu a shagunan kayan famfo, ko a kasuwar Ƙofar Ruwa in ka shiga Kano.

Ga tsarin. Inda bututu zai ratsa tamfol, ramin ya ɗan fi bututun ƙanƙanta, a sa mahaɗi mai zare da notinsa, da roba ciki da waje. Tsohon tub na babur ma yana yi in an yanka shi da kyau. Ta ciki ka sa guntun bututu mai ƙananan huji-huji da murfi a bakinsa, don kada 'ya'yan kifi su bi ruwa. Ta waje ka sa gwiwa, ka tsayar da wani bututun a kanta mai tsayin mita 1. Wannan gwiwar kada a sa mata gam. Duk inda bakin bututun waje ya tsaya, nan ruwan ciki zai tsaya. In ka buɗe sabon ruwa ta sama, dattin ƙasa ne zai fara fita da kansa. In kuma kana son rage ruwa, sai ka kwantar da bututun gefe. Ranar da ruwan sama ya kwana yana zuba a watan Agusta, bututun nan ne zai hana tanki ambaliya kifi ya fice.

Mashigar ruwa inci 1 ta isa, daga tankin sama, da bawul. Na huhhuda bututun na ɗora shi a saman tankin yana feshi, saboda ruwan burtsatse ba shi da iska sosai lokacin da ya fito daga ƙasa. Ruwan da ka zubar kuwa taki ne. Nawa kwata na yi masa zuwa gindin zogale da ayaba. Kada ka sake shi a lungu, sauro da rigimar maƙwabta za ka jawo wa kanka.

Maganar gilashi

Mutane da yawa na tambaya ko za a sa wa babban tankin taga ta gilashi. Amsata ita ce a'a. Tarwaɗa ta fi son duhu, ruwanta kan yi kore cikin 'yan kwanaki ba abin da za ka gani, kuma silikon ba ya kama tamfol. Gilashi na tankin nuni ne, irin wanda mai shago ko mai gasa kifi zai ajiye mai saye ya nuna wanda yake so, ko na kifin ado da karfasa.

Nawa ƙaramin tsawonsa mita 2, faɗi santimita 60, ruwa santimita 60, lita 720 ke nan. Da filawud mai kaurin milimita 18 aka yi shi, aka ɗaure da tu-bai-fo ta waje, aka shafe cikinsa da faiba da ruwan gam ɗinta har hawa uku, irin wadda ake like tankin ruwa da ita. Tagar gaba santimita 150 da 50 ce, gilashin kuma 160 da 60, don ya hau kan katako da santimita 5 ta kowane gefe.

Kaurin gilashin milimita 12 ne. Gilashin tagar ɗaki mai milimita 4 ko 5 kada ma ka gwada. Akwai kuma gilashin da aka gasa ya yi tauri, irin na gefen mota. Yana da ƙarfi, amma ba a yanka shi ba a huda shi bayan an gasa, kuma in ya samu duka a gefe gaba ɗaya yake rugujewa. Na talaka mai kauri tsagewa yake yi, ya ba ka damar kwashe kifi. Ka sa mai gilashi ya goge bakinsa, kuma mutum biyu su ɗauka, don ya kusa kilo 30.

Ta ciki ake manna gilashi, yadda ruwa zai riƙa danna shi jikin firam yana ƙara masa kamu. Silikon ɗin ya zama na tankin kifi, domin na banɗaki ana sa masa maganin hana fumfuna, shi kuma yana kashe kifi. A zuba shi da kauri yadda gilashi ba zai taɓa katako kai tsaye ba, a bar shi kwana bakwai ya bushe.

Gwaji kafin kifi

Ranar farko kashi ɗaya cikin uku na ruwa za ka zuba. Ja zare daga kusurwa zuwa kusurwa a jikin dogon bango, ka kwana ka duba. In bangon ya turo ya taɓa zaren, zubar da ruwan a ƙara ɗamara. In lafiya, ƙara kashi na biyu, washegari ka cika. Sabon tamfol yana da warin roba, don haka ka bar ruwa ya kwana bakwai a ciki, ka zubar, ka wanke da gishiri ba sabulu, sannan ka zuba na kiwo.

Ni tarwaɗa 400 nake sawa a lita 6,000, 'yan tasawa masu tsawon yatsa ko fiye, kuma nakan tace su duk bayan mako biyu a farko don manya na cinye ƙanana. Da abinci mai kyau, cikin wata biyar zuwa shida da yawansu kan kusa kilo guda.

Abu na ƙarshe shi ne yanayinmu. Tarwaɗa ta fi ci da girma in ɗumin ruwa yana tsakanin digiri 26 zuwa 30. Tankin katako a sarari yake, ya fi rami saurin ɗaukar zafi da sanyi. A bazara ka yi masa rumfar zana. A hunturun Disamba da Janairu ka rufe shi da leda da dare, ka rage abinci, ka canja ruwa da rana da na burtsatse mai ɗumi. Raga kuma dole ce a kowane lokaci: kifi na tsalle, tsuntsaye na ɗauka, kuma ruwa mai zurfin mita 1 ya isa ya halaka ƙaramin yaro. In akwai yara a gidan, raga mai ƙarfi da ƙofa mai kwaɗo su riga kifi zuwa.

Wanda ke shirin farawa, ya fara da tanki ɗaya, ya ga yadda ruwansa zai kai shi ƙarshen rani, sannan ya ƙara na biyu. Allah ya ba da sa'a.