Idon dabba a cikin hoto: ina gyara ya tsaya, ina ƙarya ta soma?

Hausawa na cewa gani ya kori ji. To amma a wannan zamani da kowane hoto sai ya bi ta cikin kwamfuta kafin ya iso gabanmu, ya kamata mai karatu ya san abin da ake yi wa hotunan namun daji da yake gani a kalanda, ko a bangon ofis, ko a takardun masu yawon buɗe ido. Mafi yawan aikin kuwa a wuri guda yake taruwa, wato ido.

Dalili a fili yake. In an miƙo maka hoton zaki ko na mikiya, idonta za ka fara nema tun kafin ka dubi ƙafa ko fiffike. Masu sana'ar sun daɗe da sanin cewa in ido ya fito tangaran, ana yafe wa hoto sauran aibinsa. In kuwa ido ya dushe, dabbar sai ta zama kamar mushe ko da tana tsakar gudu. Abin da ke sa rai a ido shi ne wani ɗan ɗigon haske da ke sauka a kansa daga rana ko daga sararin sama. Matsalar ita ce dabbobi da dama idonsu baƙi ne, kuma yana cikin inuwar gira, balle in rana ta take tsaka, kamar yadda take yi a Sahel.

Wannan gyara ba yau aka fara shi ba. Tun zamanin fim, mai wanke hoto yakan tare haske da ɗan kwali ko da yatsa don wani wuri ya yi fari, ya kuma ƙara wa wani wuri lokaci don ya yi duhu. Da Photoshop ya fito a 1990, sannan Lightroom a 2007, sai aikin da ke cin yini ya koma na minti biyu. Gwani yakan zaɓi ƙwayar ido ita kaɗai, ya ɗaga haskenta kaɗan, ya fito da launin da ke kewaye da baƙin tsakiya, ya bar baƙin a yadda yake. Duk abin da ya fito da shi dama yana cikin hoton, duhu ne ya rufe shi. Ba mu ga laifi a nan ba.

Inda ake ɓata rawa da tsalle shi ne wajen ƙari. Wani sai ya zana ɗigon haske inda babu, har ya sa shi a hagu alhali inuwar dabbar ta nuna rana tana dama. Wani ya mayar da idon kura ruwan zinariya, wani ya kwafo idon da ya fito da kyau ya liƙa a gurbin ɗayan. Sababbin manhajoji ma suna iya ƙera ido sukutum, kuma ba kullum suke sanin na wace dabba suke ƙerawa ba. Alhali kowane makiyayi ya san baƙin idon akuya a kwance yake, na kyanwa kuma a tsaye. Zaki, duk da dangantakarsa da kyanwa, nasa kewayayye ne. Wani bincike da Martin Banks da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 2015, kan dabbobi iri 214, ya nuna cewa wannan siffa tana tafiya da rayuwar dabba: wadda ake farauta tana bukatar ganin fili mai faɗi, mai kwanton ɓauna kuma tana bukatar auna nisa. Ke nan wanda ya canja siffar ido ya canja labarin dabbar.

Hoton dare kuma da tasa rigimar. Maharba sun san yadda idon dabba ke ƙyalli in an haska shi da tocila. Wani shimfiɗi ne mai kama da madubi a bayan ido ke mayar da hasken. Fitilar kamara takan mayar da ido farin fat, ba abin da ya saura a ciki da za a fito da shi. Wanda ya "gyara" irin wannan ido, zane ya yi.

Manyan gasanni ba sa wasa da batun. Gasar Wildlife Photographer of the Year, ta gidan tarihin halittu na Landan, tana neman ainihin hoton da kamara ta ɗauka don a gwada shi da wanda aka aiko. Ta yarda da daidaita haske da launi, ba ta yarda a ƙara ko a cire wani abu ba. A 2010 ta karɓe kambi daga José Luis Rodríguez bisa hukuncin cewa kyarkecin da ya ɗauka na gida ne, a 2018 kuma ta soke kyautar Marcio Cabral bayan masana sun ce dabbar da ke hotonsa fata ce da aka cusa wa ciko. Dukansu biyu sun musanta. Ba a kan ido aka kama su ba, amma irin wannan ne ya sa alƙalai ke bin kowane ɗigo da kallo.

Mu ma abin ya shafe mu. Raƙuman dawan Kure, kusa da Yamai, sun ragu zuwa kimanin 50 a 1996, suka farfaɗo har suka haura 600, kuma a 2018 an kai takwas gandun Gadabeji a jahar Maraɗi. Da hoto ake ƙidayarsu, domin zanen fatar kowane raƙumi nasa ne shi kaɗai. Irin wannan hoto shaida ne, ba a taɓa shi. Na kalandar da ɗan kasuwa zai raba wa abokan ciniki kuwa, a haskaka idon ba komai, muddin wanda aka haskaka shi ne wanda raƙumin ya kalli kamara da shi.