Cinikin Motocin Hannu a Garin Gure

Wanda ya tashi daga Damagaram ya nufi gabas bisa babbar hanyar ƙasa, ya wuce Mirya da lambunanta, ya wuce Gidimuni da Gidigir, to bayan tafiyar kilomita 160 da 'yan kai sai ya iske Gure, tsohon mazaunin sarautar Muniyo, inda Bajamushen nan Barth, wanda mutanen ƙasashenmu suka sani da suna Abdulkarim, ya sauka a ƙarshen shekarar 1852 ya gana da Muniyoma Koso. A wancan zamani darajar matafiyi tana ga dokinsa da raƙuminsa, kuma har yau Mangawa da Tubawa da Fulani da Buzaye da Larabawa da Hausawan da ke cuɗanya a kasuwannin wannan yanki ba su saki raƙumi ba. Illa dai kanwar da ake haƙowa cikin kwaruruka, da dabino, da gero, da bisashe, galibinsu yanzu a bayan mota suke isa inda za a sayar da su. Sabili da haka cinikin mota ya zama babban sha'ani a nan, ko da yake ba a irin filin nan mai shinge da motoci jere, wanda ake gani a Yamai ko Maraɗi ko Kano, ake ƙulla yawancinsa ba. Ana ƙulla shi ne a bakin tasha, da inuwar garejin makanikai, da zaurukan attajirai bayan sallar la'asar, da kuma cikin wayar salula ta dillalai, wadda hotunan motocin da ke cikinta sun ninka waɗanda ke tsaye a garin.

Kafin mutum ya fahimci abin da mai saye ke nema, wajibi ne ya san hanyoyin da motar za ta bi. Kwalta guda ce, ita ce wadda ta zo daga Damagaram ta zarce Maine Sorowa da Diffa har Ngigmi, kuma sashenta na gabas da Gure an shimfiɗa shi a shekarun 1970 da taimakon ƙasar Kanada, aka kira shi Hanyar Haɗin Kai. Da zarar ka saki wannan kwalta, ko ka nufi arewa wajen Kelle da duwatsun Kutus da Tasker har Tarmit, ko ka gangara kudu wajen Bune da iyakar Nijeriya inda Machina da Nguru suke, to abin da ya fi yawa a gabanka rairayi ne, mai tudu da gangare, wanda iska ke sauya wa kamanni tsakanin wannan kasuwa da mai zuwa. Mai sayen mota a Gure, ko ɗan kasuwa ne mai bin kasuwannin ƙauye, ko mai dukiyar bisashe, ko direban da ya tara abin hannunsa yana son ya zama maigidan kansa, tambayarsa ta farko ita ce ko motar za ta dawo da shi gida, domin lalacewar mota a tsakiyar tudun rairayi cikin watan Afrilu, rana ta haura digiri 40, ga fasinja da mata da yara, ga ruwan jarka yana ƙarewa, musiba ce da ta wuce hasarar kuɗi.

Motocin kuwa ta ƙofofi dabam-dabam suke shigowa. Mafi shahara ita ce ta teku. Tun da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, sabuwar mota ta fi ƙarfin mafi yawan mutane, sai fatake suka dulmuya cikin safarar tsofaffin motocin Turai, waɗanda ake lodawa daga Beljiyam da maƙwabtanta a sauke a Kwatano, kana a koro su da ƙafarsu ta Malanbil da Gaya da Doso da Birnin Ƙonni da Maraɗi, tafiyar da ta haura kilomita 1,700 kafin a ga Gure. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, kuma ko da aka ɗage takunkumi a Fabrairun 2024 Nijar ta ci gaba da rufe nata ɓangaren, sai kaya suka koma bin Lome da Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja, kwanaki suka ƙaru, kuɗin hanya ya ƙaru, dukkansa kuwa a kan mai saye na ƙarshe yake sauka. Ƙofa ta biyu ita ce ta Sahara, inda motocin Libiya ke gangarowa ta Madama da Dirku da Agadas, kuma kasuwarsu ta yi zafi ƙwarai bayan da aka gano zinariya a Jado a 2014. Akwai kuma motocin hukuma da na ƙungiyoyin agaji da ake gwanjonsu idan sun tsufa, waɗanda masana ke rububi saboda an san an riƙa yi musu juyen mai a kan kari. Sai 'yan ƙalilan da ke tsallakowa daga Nijeriya.

Kowace ƙofa da irin aibinta. Motar Turai sau da yawa injinta lafiya lau, amma gishirin da ake zubawa a titunansu lokacin ƙanƙara ya ci ƙarƙashinta, tsatsa ta kama shasi. Motar Libiya ƙuruciya gare ta, ga kyan jiki, amma an azabtar da ita da lodi da gudu a hamada, kuma a nan ne shubuhar takardu ta fi yawa, domin motar da ba a biya mata kuɗin duwan ba arha take a ranar ciniki, ta yi tsada ranar da jandarma ya tsayar da ita. Araha dai ba ta ado.

Tsakanin mai mota da mai saye akwai dillali, kuma ban ga laifin wanda ya ce rabin cinikin shi ne sanin dillalin ba. Shi ya san Alhaji wane ya matsu da kuɗi zai saki motarsa, shi ya san wadda ta taɓa faɗuwa a hanyar Tasker aka buga jikinta aka sake fenti. Zai ce wa mai saye, «Alhaji, taya mana, kada mu tashi hakanan.» In an taya, mai mota ya kau da kai ya ce, «Albarka.» Dillali ya juya ga wannan ya ce, «Maigida, ƙara ɗan wani abu,» ya juya ga wancan ya ce, «Baba, ka rage don zumunci,» a yi ta haka, shayi yana zagayawa, har a ji kalmar sallamawa, sannan a tantance ko la'ada ciki ce ko waje. Malamanmu na mazhabar Malikiyya ba su bar wannan babi a sake ba. Duk ɗalibin da ya karanta babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid ko Muhtasar na Halil ya san cewa ɓoye aibin kaya tadlisi ne, kuma wanda ya tarar da tsohon aibi da aka rufe masa yana da haƙƙin mayarwa. Ya san najashu haramun ne, wato mutum ya taya kaya ba da nufin saye ba sai don ya zuga wani. Ya kuma san halal ne a yi sharaɗin hiyari, har fukaha'u suka ƙaddara wa dabba misalin kwana uku na gwaji. A ganina mota ta fi kowane kaya cancantar a yi mata ƙiyasi da dabbar hawa, gama yadda Batube ba ya sayen raƙumi sai ya buɗe bakinsa ya ga haƙora, ya shafa tozo, ya duba tafin ƙafa, ya sa an durƙusar da shi an tashe shi, haka mai hankali ba ya biyan kuɗin mota don ƙyallin fenti.

Ga yadda gwanaye ke yi. Ba su yarda a kawo musu mota da zafinta ba, sai su ce a bar ta ta kwana, da sassafe su zo da makanikensu, wanda ba shi da alaƙa da dillali, a tashe ta a gabansu, domin injin da ya gaji a sanyin safiya yake tona asirin kansa. Sai a dubi hayaƙin salansa: in shuɗi ne, injin yana shan baƙin mai, in fari ne mai kauri wanda ba ya yankewa bayan ta ɗumama, ruwa yana shiga inda bai kamata ba, in baƙi ne, mai ne ba ya ƙonewa daidai, wannan kuwa galibi ya fi sauƙin magani. A buɗe murfin baƙin mai a ga ko ya yi kumfa fari-fari, a buɗe lagireto tun tana sanyi a ga ko ruwan yana tasowa da ƙwayayen iska. Daga nan makanike ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashi, yana bin shasi da yatsa yana neman tabon walda, yana ƙirga ganyen sifirin, yana duba inda mai ke tsattsafowa. Lambar kilomita da ke gaban direba ba a kafa hujja da ita, tun da mayar da ita baya sana'a ce da wasu suka ƙware a kai. Abin da ake gaskatawa shi ne sulɓin sitiyari, da cinyewar robar birki da kuloci, da lotsawar kujera. Bayan wannan duka sai a fita bayan gari, a zaɓi tudun rairayi, a sassauta iskar tayoyi, a sa giyar ƙafa huɗu, a ce bismilla. Motar da ta hau ba tare da allurar zafi ta motsa ba, ta ci rabin jarrabawa. Sauran rabin a takarda yake, wato a gwada lambar da ke jikin shasi da wadda ke cikin katin mota da takardar duwan, harafi da harafi.

Idan aka zo ga zaɓi tsakanin ƙarko da sauri, muhawarar mutanen tasha ba ta wuce motoci biyu na kamfanin Toyota ba. Ɗaya ita ce Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, samfurin da aka fara ƙerawa a 1984, musamman mai injin gas ɗin nan da ake kira 1HZ, mai silinda shida da lita 4.2, wanda ya fito a 1990, ba turbo gare shi ba, ba kwamfuta, makaniken ƙauye yana iya kwance shi ya ɗaura a gindin bishiya. Nawa gare ta a kan kwalta, amma tana ɗaukar lodin da hankali ba ya so ya gaskata. Ɗayar ita ce Hilux, musamman mai shan fetur irin ta Libiya, mara nauyi, mai zafin nama, wadda ke tashi bisa rairayi kafin ƙafarta ta nutse. Samari ita suke so, kuma da hujjarsu, domin a rairayi gudu ma wani nau'i ne na tsira. Dattawa kuwa sukan ce su dai a ba su wadda za ta shekara goma tana ciyar da gida. Ni ina tare da dattawan, amma ba na musun cewa mai ɗaukar marar lafiya daga Tasker zuwa asibitin Damagaram yana da uzurin son mai sauri.

Saura motar ƙawa, irin gajeruwar nan mai ƙofa biyu da Turawa ke ƙerawa domin tsere da nishaɗi, wadda saurayin da ya dawo daga Libiya ko daga haƙar zinariya da kuɗi a aljihu kan gani a waya zuciyarsa ta biya. Mutanen ƙasar nan ba baƙin motar tsere ba ne, gama a shekarun 1980 gasar Paris zuwa Dakar ta sha ratsa Tenere da Agadas, har Peugeot ta lashe ta shekara huɗu a jere daga 1987 zuwa 1990. Sai dai waɗancan motoci an ɗaga ƙafarsu, kuma jiragen sama da manyan motoci cike da makanikai da kayan gyara suna biye da su. Motar ƙawar da ake saya a Kwatano ba ta da ko ɗaya daga cikin wannan gata. Cikinta yana kusa da ƙasa, tudun rage gudu na ƙofar kowane ƙauye yana dukanta, tayoyinta sirara ne ramin kwalta yana fasa su, ƙurar hunturu tana toshe mata numfashi, kuma in fitilar gargaɗi ta kama a gabanta sai an ɗora ta bisa wata mota zuwa Damagaram ko Kano inda mai na'urar bincike yake. Ga shi kuma hanyar da za a sake ta a guje ita ce wadda raƙuma da jakuna ke tsallakawa ba sallama, balle da dare. Wanda duk ya nace, alhali dukiyarsa ce kuma israfi tsakaninsa da Ubangijinsa ne, shawarata gare shi ita ce ya nemi wadda ta yi tarayya da motar talakawa a inji, alal misali Celica ta ƙarshe da Toyota ta ƙera daga 1999 zuwa 2006, wadda ƙaraminta mai lita 1.8 injinsu ɗaya da Corolla, mai giyar hannu, wadda wani bai taɓa yi wa ƙare-ƙare don ƙarin gudu ba. Ya kuma sani tun farko cewa ranar da zai sayar, masu tayawa a Gure ba za su cika tabarma ba.

Dalilin wannan shawara shi ne, ƙarkon mota a wuri irin Gure bai tsaya ga ƙarfen da aka ƙera ta da shi ba, ya rataya ne ga abin da ke kewaye da ita. Kayan gyara daga Damagaram suke zuwa, ko daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, kuma abin da motoci dubu ke amfani da shi ana aiko shi a motar haya ya kwana ɗaya a hanya, wanda mota guda ke nema kuwa sai a yi wata ana jira. Haka batun mai. Tun 2011 matatar SORAZ da ke arewa da Damagaram take tace ɗanyen man Agadem, ganga 20,000 a rana, amma shekaru da dama mai arha na Nijeriya ne 'yan ruwa-ruwa ke sayarwa a kwalabe da jarkoki a bakin hanya, har zuwa ƙarshen Mayun 2023 da aka janye tallafi a can, farashi ya tashi, lissafin masu motar fetur ya rikice. Man jarka kuwa ba ya rasa ƙura, wani lokaci har da ruwa, tsohon inji yana haƙuri da shi, na zamani mai laushin allura ba ya yi.

Ciniki ya fi motsi bayan kaka, da kuma gabanin babbar salla sa'ad da raguna suka yi daraja, masu bisashe suka riƙe kuɗi. In an sallama, sai a kira shaidu biyu a rubuta takardar ciniki, a ƙirga kuɗi a zaure ko a aika ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Al Izza idan mai motar yana Agadas ko Yamai, dillali ya karɓi la'adarsa, a shafa fatiha. Daga nan ma ba lodi za ta fara ba, wajen mai walda za ta, a ƙara mata ganyen sifirin, a ɗaga mata ƙarafan baya inda fasinja za su riƙe, a yi wa jarkoki da shebur da safaya biyu mazauni, a sake mata tayoyi masu faɗi, kana sabon maigidanta ya nemi direba da karen mota, ya je wurin shugabannin tasha a sa shi cikin layin kasuwar Gidigir ko ta Subdu.